Ƙafar Mama ta Hagu

Ranar da aka sallamo Mama daga asibiti, nas ɗin da ke kula da ita ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta damƙa mini kwalin allura da takarda guda. Ta ce likita ya riga ya yi wa Yaya bayani, amma ita ta fi son ta gaya wa wadda za ta riƙa wuni da marar lafiya.

"Ciwon daji idan ya yi nisa irin na mahaifiyarki, yana sa jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiya. An riga an ga ɗan guda a ƙafarta ta hagu. Wannan allurar ita ke tsinka jinin. Kullum ɗaya, a fatar ciki, kada a tsallake ko da rana guda. Ta riƙa tashi tana ɗan zagayawa. In ƙafar ta kumbura ko ta ɗau zafi, kada a murza, kada a yi tausa, a kawo ta nan take. Gudan nan in ya ɓalle, huhu yake tafiya. Kin gane?"

Na ce na gane. Ta nuna mini yadda zan kamo fatar da yatsu biyu, ta sa na yi ta farko a gabanta.

A wurin ajiye motoci, matar Yaya, wadda muke kira Anti, tana gyara wa Mama zama a kujerar baya. Yaya ya miƙo hannu ya ce, "Mu ga takardar nan."

Ya karanta sunan sashen da ke rubuce a samanta, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu.

"A gidanmu olsa ce ke damun Mama. Kin ji ni, Auta? Baba da ya ji sunan ciwonsa kwana tara ya ƙara. Ba zan sake ganin irin wannan ba."

Na ce to. Shekarata ashirin da shida, kuma ban taɓa ce wa Yaya komai ba ban da to.

Satin farko ya tafi daidai. Da safe in yi mata allura kafin ta sha shayi, ta riƙe kafaɗata mu zagaya tsakar gida sau uku. Wani lokaci ta tsaya wajen keken ɗinkinta, ta ɗaga mayafin da aka rufe shi da shi, ta juya kan da hannu don ta ji ko ya fara tsatsa. Ta rame ƙwarai, zobenta har yana zamewa daga yatsa, amma bakinta yana nan yadda yake.

A rana ta tara Yaya ya shigo gaishe ta kafin ya tafi shago, ya tarar na ɗage mata riga. Gefen cibiyarta duk ya yi tabo, wani baƙi, wani ya fara komawa ruwan ɗorawa.

Mama ta ce, "Babba, zo ka ga zanen da ƙanwarka ke yi mini. Ni dai tun da nake ban taɓa jin olsar da ake bi da allura a ciki ba. Ta maƙwabciyarmu farin ruwa take sha a cokali. Tawa ce ta 'yan gayu?"

Yaya ya yi dariyar da ba ta wuce leɓensa ba. Da na fito wanke hannu, ya biyo ni.

"Kawo kwalin nan."

"Yaya, nas ta ce kada a tsallake."

"Nas ce ta haife ki? Kina ji ta fara tambaya. Yau allura, gobe ta ce a kawo mata takarda ta gani. Ga jikinta duk kin ɓata, wanda ya gani sai ya ce dukanta muke yi. Bari tabon ya baje, in na samu likitan zan ce ya canza mata zuwa ƙwaya."

Ya ɗauki kwalin ya buɗe but ɗin motarsa, ya ajiye kusa da fayil ɗin asibiti da samfurin tayil da yake yawo da su. Na tsaya ina kallo har ya fita, na rufe ƙofar gida, na dawo na wanke kofin shayi.

Daga ranar dokoki suka fara yawa. Yaya ya ce zagayen nan yana gajiyar da ita, ta kwanta ta huta, a kawo mata komai bakin gado. Ya ce masu zuwa dubiya su riƙa tsayawa a falo, don a cikinsu akwai masu dogon baki da kuma masu 'ya'ya a asibiti. Ya karɓi wayarta, wai ƙarar kira tana hana ta barci. Matan da ta koya wa ɗinki suka zo su uku da ledar lemo, Anti ta ce musu tana barci. Mama kuwa idonta biyu, tana jin muryoyinsu ta taga, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya a hankali.

"Auta, laifin me na yi aka ɗaure ni?"

"Hutu ne, Mama."

"Hutu. To, Allah Ya ba mu lafiyar hutun."

Kwana biyar da daina allurar, na zo sa mata silifas ɗin hagu ya ƙi shiga. Idon sawun ya ɓace cikin kumburi. Na taɓa dambubun, na ji shi da ɗumi, ya yi tauri kamar an cusa wani abu a ciki. Ta janye ƙafar tana cije leɓe.

"Kin ga ikon Allah," in ji ta. "Ni ina ramewa, ita tana ƙiba. Duk abincin da kuke ɗura mini nan yake sauka."

Da yamma na tari Yaya a bakin mota na gaya masa. Ya shiga ya duba, ya danna da babban yatsa, ya ce kwanciya ce, a sa mata filo a ƙarƙashi. A waje ya rage murya.

"In muka koma can, ɗakin da za su kai ta da allo a ƙofarsa. Mama ta iya karatu, kin manta? Bari in kira likitan, in ga ko zai duba ta a wani wuri."

Washegari ya ce layin likita ba ya shiga. Rana ta gaba motar kaya ta iso, dole ya tsaya a kan masu saukewa. Wadda ta biyo baya ya ce ya yi magana da wani abokinsa mai kantin magani, ya ce kumburin ƙafa ba abin tayar da hankali ba ne ga mai shekaru. Na je wajen Anti a kicin, tana yanka albasa.

"Anti, ko za ki yi masa magana?"

Ba ta ɗago ba. "Ni wace ce a zancen uwa da ɗa? In na sa baki a ce suruka ta matsa a kwashe ta daga gida. Ke da kike 'yarta ki faɗa mana."

Kumburin ya haura gwiwa. Fatar ta yi sheƙi, launinta ya fi na ɗaya ƙafar duhu. Mama ta daina zolaya. Tana kwance fuskarta ga bango, in na shigo da abinci ta ci cokali biyu don kada in ji babu daɗi. Zuwa banɗaki ya zama aiki, sai na rungumo ta tana jan ƙafar kamar ba tata ba. Ni ma na gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Sau da yawa ina buɗe baki in gaya mata, sai in tuna fuskar Yaya, in tambaye ta ko in ƙara mata filo.

A rana ta goma sha ɗaya da daina allurar, da hantsi, na ce wa Anti ta riƙa leƙa Mama, na hau motar haya zuwa shagon Yaya. Na yi niyyar ba zan dawo ba sai da kwalin.

Na same shi tsugune tsakanin kwalayen tayil, yana jera wa wasu mata da miji kala uku a ƙasa, yana zuba ruwa a kan ɗaya don su ga ba ya santsi. Ƙurar siminti ta yi masa fari a gira. Na tsaya kusa da bokitan fenti kusan rabin awa, har suka zaɓa suka tafi.

"Lafiya? Wa kika bar wa Mama?"

"Yaya, ka ba ni makullin but. Ko ka zo mu kai ta yanzu. Ƙafar ta kai cinya."

Ya miƙe yana kaɗe hannu. "Auta, kin fi ni son Mama ne?"

"Ban ce ba."

"Ni nake kwana da abin nan a raina. Ni likita ya kalla ya ce watanni ne suka rage. Watannin nan nake so ta yi su hankali kwance, tana cewa olsa, tana dariya. Ke kuma don kin yi jami'a kina ganin duk abin da aka rubuta a takarda shi ne rayuwa."

"Ba ta dariya, Yaya. Kwana huɗu ke nan."

Ya kalli titi. Na ga idonsa ya kaɗa. Na ɗauka zai miƙo makullin. Sai wani mai gini ya leƙo yana tambayar farin siminti, Yaya ya juya wajensa.

"Je ki gida. Da na rufe shago zan zo mu san abin yi."

Na koma hannu wofi.

Tun daga tsakar gida na ji warin man zafi. A ƙofar ɗakin Mama akwai takalma biyu da ban bari ba. Gwaggo ce, ƙanwar Baba, wadda duk dokokin Yaya ba su taɓa tsayar da ita a falo ba. Ita ma olsa aka gaya mata, don Yaya ya ce bakinta ba ya riƙe magana. Tana zaune a bakin gado ta ɗora diddigen Mama a cinyarta. Wata mata mai faɗin kafaɗa ta naɗe hannun riga, ta shafe ƙafar da mai, tana dannawa da tafin hannu biyu daga idon sawu tana turawa sama. Ga baho da ruwan zafi da tawul a gefe. Mama ta damƙe zanin gado, gumi yana bin wuyanta.

"Ga 'yar boko ta dawo," in ji Gwaggo. "Ku kuna nan kun zuba wa ƙafa ido kamar talabijin. Wannan baiwar Allah ita ta tayar da mijina lokacin da ya faɗo daga tsani."

Na ce, "Gwaggo, an ce kada a murza."

Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Wa ya ce?"

"A asibiti."

"Asibitin olsa? Me ya haɗa ciki da ƙafa? Iska ce ta taru, sai an kore ta. Ko akwai abin da ban sani ba?"

Mai tausar ta dakata, hannunta a kan dambubun, tana kallona. Gwaggo tana kallona. Mama ma ta juyo da kai, ta zuba mini ido, irin kallon da take yi mini ina ƙarama in na ɓoye abu a bayana. Anti tana tsaye a bakin ƙofa da buta, ta sunkuyar da kai.

Kalma biyu ce. Da na faɗe su, da matar nan ta ɗauke hannunta. Na ji su a kan harshena. Na tuna Baba da kwana taransa, na tuna Yaya yana tambayata ko na fi shi son ta.

Na ce, "A dai bi a hankali."

"Ah to," in ji Gwaggo. "Ci gaba, 'yar'uwa. Ki kai har sama."

Aka yi ta kusan minti ashirin. Da aka gama aka gasa da tawul, Mama ta ce ta ji ta ɗan saki, ta yi wa matar godiya, ta ce in ba ta lemon da ke kan tebur. Gwaggo ta raka ta ƙofa tana cewa jibi ma ta dawo.

Bayan azahar Mama ta ce in kai ta banɗaki. Na ɗago ta, ta taka sau biyu, sai ta tsaya ta dafe ƙirji.

"Auta, iska."

"Me, Mama?"

"Ba ta shiga."

Numfashinta ya koma gajere, sama-sama, kamar wadda ta yi gudu. Ta yi tari, ta ce wani abu yana soke ta a haƙarƙari. Leɓenta ya canza launi ina kallo. Na ƙwala wa Anti kira da muryar da ban san ina da ita ba. Na kira Yaya sau uku bai ɗaga ba. Anti ta fita titi ba mayafi ta tsayar da tasi, mu uku da Gwaggo muka ɗauko ta.

A kujerar baya na rungume ta a zaune, don in ta kwanta numfashin yana ƙara ƙwacewa. Direban yana ta danna ham, Gwaggo a gaba tana salati. Mama ta kamo wuyan rigata ta jawo ni kusa.

"Gaya mini."

Na gaya mata. Na faɗi sunan ciwon, na ce ya yi nisa. Na ce allurar ta hana jini daskarewa ce, kuma tana but ɗin Yaya yau kwana goma sha ɗaya. Na ce an hana tausa, kuma na sani lokacin da nake tsaye ina kallo.

Ba ta firgita ba. Ta lumshe ido, ta ja iska sau uku kafin ta samu ta magana.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Wata biyu."

"Wata biyu." Ta sake jan iska. "Ni na kai ubanku asibiti. Ni na kai ku, duk ku biyun, a bayana. Da kun gaya mini, da na kai kaina tun ƙafar tana shiga takalmi."

Ta ƙara matso da bakinta kunnena, ta ba ni saƙo in kai wa Yaya, ta sa na maimaita don ta tabbata na riƙe.

A sashen gaggawa suka sa mata abin iska a fuska, suka tura gadon ciki da gudu. Wani likita matashi ya tambaye ni fayil, na ce yana mota. Ya tambayi wace allura take yi, na faɗa. Ya tambayi yaushe aka yi ta ƙarshe. Da na ba shi amsa ya ɗago daga rubutun ya dube ni, ya shige.

Yaya ya iso da fayil a hammata da kwalin allura a hannu, ƙurar shago har yanzu a girarsa. Ya yi ta miƙa wa duk nas ɗin da ta wuce, ba wadda ta karɓa. Kafin la'asar ta yi sanyi likitan ya fito ya ce gudan jini ne babba ya toshe hanyar huhu, sun yi iya yinsu. Yaya ya tambaye shi ko dama lokaci ne ya yi, tunda ciwon ya ci jikinta.

Likitan ya ce, "Ciwon yana nan, ba mai cire shi. Amma ba shi ne na yau ba."

Kwana biyu bayan haka falonmu ya cika da masu gaisuwa. Duk waɗanda aka hana shiga ɗakinta yanzu sun samu wuri, har matan da ta koya wa ɗinki suna zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Sunan ciwon da aka kulle wata biyu ya zama abin faɗa ga kowa. Yaya da kansa yake faɗa, duk wanda ya zauna sai ya ji. Mutane suna girgiza kai suna cewa ai wannan ciwon ba ya barin kowa. Ba wanda ya ambaci ƙafa. Gwaggo tana lungu, tun da ta ji abin da likita ya ce ba ta ƙara yin magana mai tsawo ba, kuma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ba mugu ko ɗaya a gidanmu. Yaya bai taɓa ɗaga wa Mama murya ba, Anti ba ta taɓa barin ta da yunwa ba, Gwaggo taimako ta kawo. Ni kuma ladabi na yi. Kowa ya yanke abin da zuciyar Mama za ta iya ɗauka, ba wanda ya shiga ɗakin ya tambaye ta. Muka karɓe wayarta, da baƙinta, da tafiyarta, da maganinta, muna kiran abin tausayi, ita kuma tana kwance tana ba mu haƙuri don ta ƙi cin abinci.

Ina zuba wa baƙi ruwa na ji wani dattijo, abokin Baba, yana yaba wa Yaya.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Ba kowa ke iya riƙe irin wannan ba."

Yaya ya share ido ya ce, "Abin da ya sanyaya mini rai ɗaya ne, Baba. Har ta koma ga Allah ba ta san abin da ke damunta ba. Ba ta yi fargaba ko ta minti ɗaya ba."

Na ajiye jug ɗin a kan tebur.

"Ta sani, Yaya."

Kowa a falon ya juyo gare ni. Ban taɓa magana a gaban mutane masu yawa haka ba.

"Ni na gaya mata, a cikin tasi."

Ya dube ni kamar bai gane ni ba. "Kika gaya mata? A wannan halin? Auta, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani. Na makara da kwana goma sha ɗaya."

Dattijon ya ce a yi haƙuri, ba lokacin wannan ba ne. Anti ta taɓa hannuna. Yaya ya tambaya a hankali, da muryar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

"Me ta ce?"

"Ta ba ni saƙo gare ka. Ta ce in tambaye ka, ciwon naka ne ko nata?"